Waldar da Na Rufe da Baƙin Fenti

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, ko da yake na san duk mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da ya karanta layi goma zai gane ni, domin motar da zan ba da labarinta guda ɗaya ce tak a duk yankinmu. To, in an gane ni, an gane ni, na gaji. Roƙona ɗaya, kada a yi saurin tsine mini kafin a kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, yanzu shawara nake nema.

Ni makanike ne, shekarata hamsin da biyu, talatin daga ciki a ƙarƙashin mota na yi su. Garejina yana Birnin Kudu, kuma ba yabon kai ba, in mota ta gagari kowa daga nan har Gwaram, wurina ake jawo ta. Ina da girman kai a kan aikina, wannan na sani, matata ma ta sha faɗa mini. Mahaifina direba ne. Tun ina ƙarami ya yi wa wani injiniya Ba'amurke tuƙi, lokacin da ake haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu, da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa motarsa. Irin motocin nan ne na Amurka na da, ƙofa biyu, dogon hanci, faɗi kamar za ta cinye titi, waɗanda ba a ƙera su don ɗaukar buhun gero ba sai don gudu da ƙara. Mutanen gari suka sa mata suna Bijimi saboda gurnaninta. Da injinta ya buga sai ta zauna a gindin tsamiyar bayan gidanmu fiye da shekara ashirin, kaji suna yin ƙwai a kujerar baya. Ranar rabon gado 'yan'uwana suna dariya suka ce in kwashi tarkacena, babu mai so.

Shekara shida na yi ina tada ta. Na samo inji mai silinda takwas a Kano, daga wata ƙatuwar motar Amurka da ta yi haɗari, ya fi nata na asali ƙarfi nesa ba kusa ba. Na sa mata sabuwar giya, na canza kafireta, na sa babban lagireto don kada ta riƙa zafi, na cire tsohon birkin gaba na sa na zamani, na ja mata salansa biyu, na fesa mata jan fenti. Ranar da na fara tada ta, akuyar maƙwabcina sai da ta tsinke igiya. Waɗanda suka yi mini dariya su ne suka dawo suna roƙon a ɗauke su hoto a jikinta. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu da hannuna ya yi kamar wannan ba.

Ga inda matsalar take. Sabon injin ya fi tsohon nauyi, kuma duk nauyin a kan ƙafafun gaba yake. Wata rana ina dawowa daga Yalwan Damai na ji sitiyari yana ɗan wasa a hannuna. Da na shiga ƙarƙashi sai na tarar sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ta tsage. Na neme ta a Kano, babu. Na aika Kaduna da Legas, babu. Na sa aka yi mini odarta daga waje, wadda ta zo ba ta shiga ba. Sai na ɗauko injin walda. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, yakan ce, “Komai na mota ana yi masa walda, ban da sitiyari da birki. Wanda ya yi, kabari ya haƙa wa wani.” Na san wannan maganar kamar yadda na san sunana. Amma na liƙe ta, na goge wurin ya yi sumul, na shafa baƙin fenti yadda ko ni sai na lalubo da yatsa nake gane wurin. Na ce wa kaina na wucin gadi ne, kafin a samo ta gaske. Shekara biyu ina hawanta a haka, daga ɗaurin aure sai zagayen Sallah, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mutane suna cewa ina ji da ita ne. Tsoronta nake ji.

Akwai wani dattijo a Gwaram, bari in kira shi Alhaji Buba. Tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya, gidansu gidan shanu ne tun kakanni. Ya fi shekara goma sha biyar yana kawo mini motocinsa, Injiniya yake kirana don tsokana. Ya ce yana saurayi ya taɓa ganin Baturen nan ya ratsa Gwaram da motar, ya bi ta da keke har numfashinsa ya ƙare, tun ranar take ransa. Duk zuwan da zai yi sai ya shafa ta ya ce, “Injiniya, yaushe za ka sallama mini Bijimin nan?” Ni kuma in ce ba na sayarwa ba ne. Sai shekarar da na ƙwallafa rai a kan zuwa aikin Hajji. Sa'o'ina duk sun je, ni kaɗai ake kira Malam a majalisa, abin yana cina. Da kaina na kira shi na ce in har yanzu yana so, ya zo.

Ya zo da hantsi tare da ɗansa Nura, malamin makarantar sakandare, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ne mai tuƙa shi tunda idonsa ya fara rauni. Muka daidaita ba tare da ja-in-ja ba. Kafin mu tafa sai Alhaji ya riƙe hannuna, ya dube ni ya ce, “Injiniya, ka san mu mutanen shanu ne. In za mu sayar da saniya, ko harbi take yi wajen tatsa sai mun faɗa wa mai saye. Tsakaninka da Allah, Bijimi yana da aibi?”

Jama'a, kun san me na yi? Dabarar 'yan kasuwa na yi masa, wadda nake zagin dillalai a kanta. Na shiga jero masa ƙananan aibobi da ƙarfi, don ya ga ni mai gaskiya ne. Na ce tana shan mai kamar ba gobe. Na ce ƙofar hagu sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Na ce agogon mai maƙaryaci ne, in ya nuna rabi to a nemi gidan mai. Na ce da damina ruwa yana ɗiga ta gilashin baya. Har tsagewar kujera na nuna masa. Yana ta dariya ya ce, “Kai, ya isa haka, kada ka sa in fasa.”

Nura ya ce, “Baba, ko za mu samo wani ya ɗan leƙa ƙarƙashinta?”

Alhaji ya harare shi. “Wa zan kawo ya duba aikin Injiniya? In na sayi mota a wani wuri, wurin wa nake kawowa a duba mini? Kai dai yaro ne har yanzu.”

Na ce na sallama, ya ce Allah Ya sa albarka. Da za su tafi na leƙa ta taga na ce wa Nura, “A riƙa bin ta a hankali, tsohuwa ce.” Wannan 'yar maganar ita na riƙe na yi ta lallashin zuciyata da ita, wai ai na yi gargaɗi. Wane gargaɗi? Wace uwa ce ba ta ce wa ɗanta ya tafi a hankali? Me ya hana ni in kama hannunsa in kai yatsansa kan wurin? Tsoron kada ciniki ya lalace, da kuma kunyar a ce ni, ni da kaina, na yi wa sitiyari walda. Ina ganin kunyar ma ta fi ƙarfi.

Na je Makka da kuɗin. Ina cikin ɗawafi, mutane suna kuka suna roƙon gafara, ni sandar ƙarfe nake gani. A nan na yi wa Allah alkawari, da na sauka zan je Gwaram in faɗi gaskiya, in karɓo motar in ajiye har a samo kayan. Na dawo, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Rana ta uku sai ga gurnanin Bijimi a ƙofar gida, Alhaji Buba ne da kansa ya zo yi mini barka, har da ƙwaryar man shanu. Ya rungume ni ya ce, “Yau dai Injiniya ya zama Alhaji, kuma da ni aka yi.” Na rako shi har bakin mota, Nura yana riƙe da sitiyari, bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma mutane sun kewaye mu ana ta kirana da sabon suna. Abin da ya fito shi ne, “Allah Ya kiyaye hanya.” Na ce wa kaina sai hayaniya ta lafa. Mako ya bi mako.

Mako na bakwai, da rana tsaka, suna kan hanyar Basirka za su gaisuwar rashin lafiya, motar ta faɗa wani rami, ta saki titi, ta daki bishiya ta gefen da Alhaji yake zaune. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Nura ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Ina cikin cin abinci aka kira ni aka faɗa mini. Ban tambayi yadda aka yi ba, domin na sani.

A wurin zaman makoki kowa magana ɗaya yake yi, gudu ne. Dama an san Nura da son gudu tun yana hawan babur, ga mota mai ƙarar da ko tafiyar hawainiya take yi sai ka rantse tashi za ta yi. Wani ya ce ya ji wucewarsu kamar jirgi. Nura kuwa daga gadon asibiti yana ta rantsuwa cewa bai yi gudu ba, sitiyarin ne ya saki, ya ce yana juya shi yana jin kamar faifai ne a hannunsa, babu abin da ya riƙe. Babu wanda ya saurare shi. Ina zaune a kan tabarma ina amsa addu'a da sauran mutane, duk wanda ya juyo sai in ga kamar ni yake kallo. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Bayan sadakar bakwai, babban wan Nura, zan kira shi Sa'idu, ya sa aka jawo ragowar motar zuwa garejina, ya ce in duba in gaya musu gaskiya, tunda ni na san ta. Kun ji fa, ɓarawo aka ba ajiyar kaya. Na jira har wurin ya zama ba kowa, na shiga ƙarƙashi. Sandar ta rabu biyu daidai kan waldar, ba sama ba, ba ƙasa ba, ga baƙin fentina a bakin karayar. Na kwance ta, na naɗe a tsumma, na jefa a ƙasan akwatin kayan aikina na kulle. Da Sa'idu ya dawo ya ce, “Alhaji, yaron nan ya dage wai sitiyari ne. Mene ne gaskiya?” sai na ce, “Gabanta duk ya ragargaje, amma ni ban ga abin da ya nuna haka ba. Lafiya lau na ba da ita.” Ya girgiza kai ya ce, “Dama na sani.” Wannan ita ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko muni, domin ta farko mota na rufa wa asiri, ta biyu kuwa mutum na danne da ita.

Yau shekara ɗaya da wata biyar. Mahaifiyarsu, Hajiya, ba ta zagi Nura ba, ba ta kore shi ba, da ma ta yi hakan da ya fi sauƙi. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da “lafiya” fuskarta na kallon bango. In ya kawo cefane sai ta sa a kai wa maƙwabta. Da, ba ya fita sai ta ce Allah Ya yi maka albarka, tun ranar haɗarin ba ta ƙara faɗa ba. Ku da kuka san abin da albarkar uwa take nufi a wurinmu, ku auna. Mutumin da ya fi kowa surutu a ɗakin malamai yanzu an ce sai ya wuni bai ce uffan ba. Ya daina tuƙi, ko babur ba ya hawa sai goyo.

Ni kuma fa? An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya kusa fashewa. Ina tsaye a sahun Azahar sai in ji gurnanin injin nan a kunnena, har in rasa raka'a ta nawa ake. In na gwada motar mutane, da na kama sitiyari sai in ji kamar ya saki, in taka birki a tsakiyar titi babu dalili. Injin walda kuwa ko kallonsa ba na son yi, na ce wa mutane idona ne ya fara ciwo. Ragowar Bijimi tana bayan gareji na rufe da tamfol, masu sayen ƙarfe sun zo sau uku na hana, ban san dalili ba. Akwatin nan ban ƙara buɗe shi ba, sai da na sayi wasu sababbin sifanu don kada in taɓa shi. Matata ta ce tunda na dawo daga Makka na zama wani iri, ko an yi mini baki ne? Har rubutu ta karɓo mini. Na sha, me zan ce mata? Duk wanda ya kira ni Alhaji sai in ji kamar ya tuna mini da wanda ya biya kujerar Makkan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Ina gyaran wata bas sai na ga mutum ya sauka daga motar haya yana jan ƙafa. Nura ne. Rabona da shi tun asibiti, domin duk hanyar da za ta haɗa mu kauce mata nake yi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na ba shi benci, ya daɗe yana kallon tamfol ɗin nan kafin ya yi magana.

Ya ce, “Baba Alhaji, Inna ba ta da lafiya. Likita ya ce zuciya ce, kuma jikin ya yi nisa. Ina tsoron ta tafi ba ta yafe mini ba.”

Na ce Allah Ya ba ta lafiya.

Ya ce, “Da ina rantsuwa sitiyari ne ya saki. Yanzu na daina. Yaya Sa'idu ya ce ka duba ba ka ga komai ba, kuma kai ba ka ƙarya, Baba ma ya sha faɗa. Na yi ta tunani, wataƙila ruɗewa na yi, wataƙila na taka mai ban sani ba. Na yarda ni na kashe shi.”

Na ce, “Nura, kada ka ce haka, kwana ne ya ƙare.” Kun ji abin da na iya faɗa ke nan.

Sai ya sauko daga bencin, da karyayyiyar ƙafar tasa, ya durƙusa a cikin baƙin mai a gabana, ya kama gefen rigata. Ya ce, “Alfarma na zo nema, kuma na san babba ce ga mutum irinka da ya je ɗakin Allah. Inna tana ganin girmanka, ta ce kai ne aminin Baba na gaskiya. Ka zo ranar Juma'a ka ce mata ka sake dubawa ka ga wani ƙarfe ne ya karye. Na san motarka ba ta da laifi, na san zan ɓata maka suna a kan aikinka. Ƙarya ɗaya tak za ka yi mini, zunubin a wuyana, ni zan ɗauka ranar gobe. Ina so in ji ta sa mini albarka ko sau ɗaya ne.”

Yana kuka yana ba ni haƙuri, ni yake ba haƙuri, jama'a, ga akwatin nan bai fi taku uku daga gwiwarsa ba. Na ɗaga shi na ce zan zo. Ya yi ta godiya har ya shiga mota.

Tun lokacin shaiɗan yake nuna mini hanya mai sauƙi. In je in faɗa wa Hajiya ƙarfe ne ya karye, in tsaya a nan. Ita ta yafe wa ɗanta, shi ya ɗauka na yi masa halacci, ya yi ta gode mini har ƙarshen rayuwarsa, sunana bai taɓu ba. Amma fa zai ci gaba da kwana da tashi yana ganin shi ya kashe ubansa, kuma yana ganin albarkar da ya samu ta sata ce. In kuwa na kai musu sandar nan na ajiye a gabansu, na ce ni na liƙe, ni na shafa fenti, ni na yi shiru sau biyu, ban san abin da zai biyo baya ba. Sa'idu mutum ne mai zafi, kotu ce ko abin da ya fi kotu, ban sani ba. Garejin da na gina shekara talatin ya mutu, 'ya'yana mata biyu da aka sa wa rana su shiga bakin duniya. Wannan duk na cancanta, su ne dai ba su ci ba ba su sha ba. Babban tsorona Hajiya. Mai ciwon zuciya ce, in ta ji cewa kusan shekara ɗaya da rabi tana juya wa ɗanta baya a kan laifin da bai yi ba, anya zuciyar za ta ɗauka? Kada in je gyara in ƙara gawa ta biyu a wuyana.

Malamai da ke wannan shafi, ku gaya mini hukuncina ba tare da sakayawa ba, ko diyya ce, ko azumi, ko me. Iyaye mata, ku gaya mini, in ku ne Hajiya, wanne za ku so ku ji? Yau Laraba. Jibi bayan an sauko daga masallaci Nura zai tsaya a bakin tashar Gwaram yana jirana, ya ce zai zo da wuri don kada in sha wahalar neman gidan, gidan da na sani kamar tafin hannuna. Don girman Allah ku amsa mini kafin lokacin. In na zauna a gaban matar nan, ɗanta yana durƙushe a gefe yana jiran in yi masa ƙarya, me zan yi?